Mu yi adashin kayan lambu

Iyayenmu da dattawan Sa'alaba, adashi ba baƙonmu ba ne. Shawararmu ita ce mu yi irinsa da manomi: gidaje su haɗa riyal, a biya shi tun lokacin shuka, shi kuma ya riƙa kawo kwandon kayan lambu duk mako daga gonakin Khulais, Wadi Fatima ko Ta'if. Kuɓewa, lalo, alayyafo, tumatir, ba dillali a tsakani.

A kantin magani kullum muna sallamar masu ciwon suga da hawan jini. Ƙwaya kaɗai ba ta gyara ɓarnar da tulin shinkafa da lemon kwalba ke yi. Kwandon da aka riga aka biya kuwa, dole ya shiga tukunya. Noman da ba feshi abu ne mai kyau, amma ba magani ba ne, kuma sai an wanke ganyen sosai.

Akwai kasada. In zafi ya ƙone shuka, kwando zai zo rabi, kuɗi kuma sun tafi. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Mai shan Warfarin kada ya ƙara cin ganye farat ɗaya, domin bitamin K na rage ƙarfin maganin. Mai ciwon ƙoda ma ya fara tambayar likitansa.