Yara da Jirgin Ruwa a Shu'aiba

Tun da sanyi ya shigo iyayen yara su ke zuwa zaurena da magana guda, wai ko zan yarda a kwashi almajirai a kai su Shu'aiba, a kafa hema a kwana, da safe a hau jirgi. Na ce musu su dakata, zan ba da amsa a wannan fili don kowa ya ji.

To, na yarda a je. Shu'aiba wuri ne da ya kamata yaron Makka ya sani. Tana kudu da Jidda, a bakin Bahar Maliya, inda ruwa ya shigo cikin ƙasa ya kwanta kamar tafki. Ita ce tashar jiragen Makka ta dā. Daga nan ne Sahabbai na farko su ka hau jirgi zuwa Habasha a shekara ta 5 bayan aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sayyidina Usman, wanda da shi a ka yi wannan tafiya, shi ne ya mai da tashar Jidda a shekara ta 26 ta Hijira. Ruwan famfon da mu ke sha ma, da yawansa can a ke tace shi daga teku. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba.

Amma fa akwai sharaɗi, ga dalilina. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgi ya tashi daga ƙauyen Badau, a madatsar ruwa ta Watari, ƙasar Bagwai ta Kano. Yawancin waɗanda ke ciki 'yan makarantar Islamiyya ne, za su Mauludi. Jirgin ya kife, sama da mutum 20 su ka rasu, galibinsu yara. Hukuma ta ce lodi ne ya yi yawa. Allah ya jiƙansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ni kaina na kusa faɗawa irin wannan. Bara na kai yara 14 bakin ruwan nan. Wani mai jirgi ya ce in zuba su duka, zai rage mini kuɗi. Na ce, "Mutum nawa jirgin ke ɗauka?" Ya ce, "Malam, ai yara ba su da nauyi." Na ce, "Ina rigunan da ke hana nutsewa?" Ya ɗaga wani buhu, sai ga guda 6. Wallahi sai da zuciyata ta raya mini in yarda, don yara sun ƙosa, kuɗin kuma na iyayensu ne. Allah ya taimake ni na ce sai dai sawu uku. Mu ka biya sawu uku, yara su na ta gunaguni, mu ka komo gida da 14 ɗinmu.

Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin lodi. Wanda ya ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta, kayansa ya yi wa. To, ina ga ɗan mutum? Yaranmu kuwa cikin duwatsun Makka su ka tashi, ba su san gulbi ba balle iyo.

Saboda haka ga abin da na ke so. Kowane yara 5 a ba su babba guda, ya riƙe sunayensu a takarda, a ƙirga su lokacin shiga da lokacin fita, da bayan kowace salla. Kada yaro ya taka jirgi sai da rigar ruwa a jikinsa, a ɗaure. A hau da hantsi, don iska kan taso da yamma. Inda masu tsaron gaɓa su ka kafa allon hana wanka, kada a shiga. A kafa hema nesa da ruwa, babba ya kwana a bakin ƙofa. Kada a shigar da garwashi cikin hema a rufe don jin ɗumi, hayaƙinsa ba shi da wari amma ya na kashe mai barci. In wani abu ya faru, a buga 911 nan take, kada wanda bai iya iyo ba ya faɗa ceto.

Wani dattijo ya ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, Baba, amma an hore mu mu ɗaure raƙumi tukuna sa'an nan mu yi tawakkali. Ɗan wani amana ne, ni za a tambaya gobe Kiyama.

Wanda ya yarda da waɗannan sharuɗɗa, ya kawo sunan ɗansa bayan sallar La'asar. Mu na kuma neman manya 4 da za su raka mu, in da wanda ya iya iyo, shi ne kan gaba. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.