A Bar Wa 'Yan Dambe Kisansu

A makon nan wani ɗan boko, cikin masu yawon taron bita a kan zaman lafiya, ya tsaya gabanmu a nan Kafanchan ya ce wai cikin abubuwan da ke ɓata tarbiyyar yaranmu har da bidiyon dambe da suke kallo a waya. Abin da ya tsone masa ido shi ne kalmar "kisa". Wai yaro ya ji mai sharhi na ihun "ya kashe shi!" jama'a na shewa, to gobe ran mutum ba zai zama komai a wurinsa ba. Aka yi masa tafi, aka raba lemo da kuɗin mota. Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya.

Ranka ya daɗe, ka taɓa shiga gidan dambe kuwa?

A dambe, idan ɗan wasa ya kai naushi har hannun abokin karawarsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, shi ke nan, ya yi kisa. Alƙali ya shiga tsakani, wasa ya ƙare. Wanda aka kashe ya miƙe, ya karkaɗe ƙura, a ba shi ruwa, gobe da yamma ya sake ɗaura zare. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su. Wannan ce fa kalmar da ake so a hana.

Kuma ba ita kaɗai ta fito daga bakin mayaƙa ba. Hannun da ake naɗe wa kara da zare, mashi ake ce masa. Wanda ake miƙawa gaba a buɗe, garkuwa. Wasa ne na rundawa tun asali: in kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, mahauta su bi gari gari da kalangu, su yanka dabba da rana, da yamma samarinsu su sa zare da na garin. Mutanen da wuƙa ce sana'arsu suka ajiye wuƙar a gefe, suka ɗauko sunayen kayan yaƙi suka liƙa wa hannu, suka mayar da mutuwa faɗuwa ƙasa kawai. In wannan ba wayewa ba ce, a gaya mini sunanta. Ɗan Anace, makaɗin ɗan dambe Shago, har lahira ya kai gwaninsa a waƙa ya haɗa shi da Walakiri, kuma kakanninmu sun ji sun yi dariya, ba wanda ya tashi ya ƙona gidan maƙwabcinsa.

Bahaushe dai ya daɗe da horar da wannan kalma. Yana kashe wuta, ya kashe ƙishirwa, ya kashe kuɗi, ya kashe magana, wani ma ya kashe aure. Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da muke cin kasuwa ɗaya da su da Hausa, kowa ya san bambancin waɗannan da zubar da jini. Sai a ɗakin taro ne ake rikicewa.

Na yarda, dambe ba wasan yara ba ne: ana karya muƙamuƙi, akan ma rasa rai jifa-jifa. Amma a duba damben Turawa mai safar hannu. Can in ka faɗi ƙirga maka ake yi, in ka tashi kafin goma a ci gaba da dukan kanka. Davey Moore, Ba'amurken da ya ƙwace kambun duniya daga hannun Hogan Bassey namu a 1959, a 1963 ya rasu kwanaki kaɗan bayan karawarsa da Sugar Ramos. Su ba sa cewa kisa, ga shi kuwa an yi jana'iza.

Yanzu bari mu zo gida. A Maris na 1987, wutar da ta tashi daga Kwalejin Ilimi ta garin nan har ta kai Zariya da Funtuwa, wane mai sharhin dambe ne ya hura ta? Zangon Kataf a 1992 fa, ko abin da muka gani a Afrilun 2011 bayan zaɓe? Masu kitsa irin wannan ba sa furta kisa a bainar jama'a. Bakinsu zuma ne: haɗin kai, 'yan'uwantaka, ci gaba. A 2016 aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya mai ɗauke da sunan Kafanchan, amma zawarawa a ƙauyukanmu ba su daina ƙaruwa ba. Wanda ya zo cikin dare ya cinna wa rumbu wuta ba shi da turmi uku, ba shi da alƙali, bai san a tsaya in mutum ya faɗi ba. Ɗan damben da ake raina ya fi shi mutunci nesa ba kusa ba.

Mu duba tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Garin da reluwe ya raya, mahaɗar layin Fatakwal da na Jos da na Kaduna, yau samarinsa na zaune kan dogo mai tsatsa, ba aiki, ba filin wasan kirki. Ƙarfin nan da ke jikinsu sai ya nemi mafita, kuma ɗan siyasa ya fi kowa sanin haka.

Don haka ga tawa shawarar ga masu taron bita. Kuɗin otal da lemo na zama guda ya isa a share fili, a zuba yashi, a kira makaɗa. A kawo 'yan damben ɓangaren Kudu da Arewa da Guramada, a bar yaran Kagoro da Zonkwa da cikin gari su koyi ɗaura zare. Duk wanda ke jin ƙarfi ya fito da rana tsaka, gaban alƙali, ya yi kisansa, a biya shi.