Amfanin Kai Iyali Zanzibar

Magidancin da Allah ya hore wa abin tafiya, ya kamata ya kai iyalinsa tsibirin Zanzibar su huta. Tsibirin yana cikin Tekun Indiya, a ƙasar Tanzaniya. Daga Dar es Salaam, tafiyar kamar awa 2 ce a jirgin ruwa.

Waɗansu sukan ce wannan ɓarnar kuɗi ce. Sun yi kuskure. Yaron da ya karanta labarin teku a littafi kaɗai bai san teku ba tukuna. A Zanzibar zai ga ruwa ya janye can nesa, ya bar rairayi fari fat, an jima kuma ya komo. Haka yake yi sau biyu kowace rana. Malami ya ce wata ne ke jan ruwan. To, ga shi yaro ya gani da idonsa. Amma kada a bar shi shi kaɗai a gaɓa, gama ruwan yakan komo da sauri.

Uwa ma tana da nata rabon. Kullum tana sa kanumfari a kunu, amma ba ta taɓa ganin itacensa ba. A can za ta ga ana tsinkarsa, ana shanya shi a kan tabarmi.