Mun toshe gidajenmu da hannunmu, yanzu muna cigiyar injin da zai yi mana numfashi

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya wuce abinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ƙanina ya ja ni in ga ginin da yake yi a nan Dandume. Ɗan kasuwar hatsi ne, Allah ya buɗa masa shekarar da masara ta yi tsada, ya ce shi ma lokaci ya yi da zai fita daga gidan gado. Ma sha Allah, gini ya yi gini. Bulo ne tun daga tushe, an zuba kwano mai launi, ana shirin ɗaura silin fi-o-fi, katanga kuwa sai ka ɗaga kai. Muka shiga ɗakin da ya ce na yara ne, ban yi minti biyu ba gumi ya jiƙa mini riga. Taga ɗaya ce tal, irin ta gilashin nan da ake turawa gefe, kuma tana kallon katanga, tsakaninsu bai kai taku biyu ba.

Na ce, kai ina iska za ta shigo? Sai ya yi murmushi ya zaro waya. "Yaya, ai an wuce nan. Kalli wannan." Bidiyo ne na wani Bature yana ɗaura wata na'ura a saman silin ɗin gidansa, wai ita ke fitar da tsohuwar iska ta shigo da sabuwa, ba sai an buɗe taga ba har abada. Wani ya yi masa alkawarin za a kawo masa ita daga Legas. Kuɗin da aka faɗa masa ba zan rubuta a nan ba, kar matansa su gani.

Tun ranar abin ke cina, shi ya sa na ce bari in amayar da shi.

Bari in fara da yi wa na'urar adalci, don ba damfara ba ce. Akwati ne mai fanka biyu da bututu guda biyu. Fanka ɗaya na zuƙo iskar ɗaki wadda aka riga aka shaƙa, ta banɗaki da ta kicin, ta jefar waje. Ɗayar na jawo sabuwa daga waje. A tsakiyar akwatin iskokin biyu ke gittawa ta wasu siraran faranti, ba sa cakuɗuwa, amma ɗumin mai fita yana ratsa farantin ya shiga mai shigowa. Mai kyau a cikinsu tana riƙe kashi 75 cikin ɗari na ɗumin, ko sama da haka. Idan kuma gida ne da esi ke aiki, sai abin ya juya, sanyin ɗaki ne ba zai tafi a banza ba.

To amma wa aka ƙera wa ita? Bayan rikicin man fetur na 1973 kuɗin ɗumama gida ya yi wa Turawa yawa, sai suka shiga liƙe gidajensu ruf, ko kafar allura ba sa bari. Ɗumi ya zauna, amma sai ga danshi da wari da ciwon kai, mutane suna rashin lafiya a cikin gidajensu. Wannan akwatin shi ne maganin ciwon da suka jawo wa kansu. An gwada shi a wani gidan gwaji a garin Regina na ƙasar Kanada a 1977, daga baya Jamusawa suka gina gidan farko na tsarin da suke kira Passivhaus a Darmstadt a 1991. Ƙasashe ne da ruwa ke daskarewa a famfo, buɗe taga a wurinsu asarar kuɗi ce. Kuma ba a ɗauke musu wuta.

Mu fa? Mu ɗumi muke neman kai da shi. A watan Afrilu zafi yakan doshi maki 40 a nan, kwano ya kwashe ranar nan tun hantsi, bulo ya shanye ta, da daddare su haɗu su juye maka ita a ka. Na'urar ba ta sanyaya ɗaki, ku ji da kyau. Idan babu esi, iskar da za ta shigo maka da ita kusan zafinsu ɗaya da wadda ta fitar. Kai abin dariya ma, da tsakar dare lokacin da waje ya yi sanyi, ɗaki kuma yana tururi, aikinta shi ne ta ɗumama maka iskar daren nan kafin ta iso gare ka, sai fa in ka sayi mai hanyar kewaye. Ka biya kuɗi a hana ka sanyin asuba.

Sai maganar wuta. Dole fankokin nan su yi ta juyawa dare da rana, kuma dole a liƙe gidan ruf kafin ta yi amfani. Kun manta Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta? A ce a wannan makon kana cikin gidan da ka toshe da kanka, da yara shida. Ƙanina ya ce zai sa sola. To madalla. Batirin fa, shekara nawa zai yi? Matatar ƙurar da ke ciki, wadda Turawa ke canzawa duk bayan 'yan watanni a garuruwan da ba su san hunturu irin namu ba, a nan kwana nawa za ta yi a watan Janairu kafin ta toshe? In ta lalace wa zai gyara? Ko a Funtuwa sai ka sha yawo, ƙarshenta a ce maka sai Kano ko Kaduna.

Amma wallahi ba na'urar ce ta fi ɓata mini rai ba. Mutum nawa ne za su iya sayenta? Abin da ya dame ni shi ne ɗakin. Irin wannan ɗakin yanzu shi ne ɗakin kowa, daga mai kuɗi har mai gina ɗakunan haya jere-jere.

A gidan da aka haife mu, soron kakanmu na ƙasa ne, kaurin bangonsa ya kai kamu guda, rufin azara ne aka lafta masa ƙasa. Da azahar in ka shiga kamar ka sa kai a randa. Can sama kusa da rufi akwai 'yan ƙananan kafofi, tun muna yara mun ɗauka na tantabaru ne, ashe ta nan zazzafar iska ke fita, don ita kullum sama take yi. Ga tsakar gida a buɗe, ga darbejiya, ga zaure. Da bazara a fito da tabarmi a kwana a fili. Ba wai ina cewa komai na da daidai ne ba. Ɗakunan mata da yawa duhu ne da hayaƙi, soro kuma in ba a yi masa yaɓe ba damina ɗaya ta isa ta kwantar da shi a kan mutane, mun ga haka. Amma maginan nan sun san rana, sun san inda iska ke fitowa. Ku je Zariya ku ga abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi da ƙasa da azara a masallacin Juma'a tun zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Mu da muka yi digiri me muka ƙara a kai? Mun ɗauko zanen gidan Legas da na Dubai daga waya mun miƙa wa birkila.

Ita tagar gilashin turawa da muke yayi, ku lura, komai girmanta rabi kawai take buɗewa. Sannan a sa mata ƙarfe, a sa raga, a rataya labule mai nauyi. Tsohuwar luba da muka raina, mai gilashi jere-jere, kusan gaba ɗayanta take buɗewa. An daina ta ne kawai don wai ta tsufa.

Na san abin da za a ce mini a ƙasa: Malam, kana maganar taga, ka manta a ina muke zaune? Ban manta ba. Duk wanda ke Dandume ko Sabuwa ko Faskari ya san dalilin doguwar katanga, ya san dalilin da ya sa aka daina kwanan tsakar gida. Ni ma da magariba nake kulle ƙofa. Amma kafar iska mai faɗin tafin hannu biyu can ƙarƙashin rufi, da ƙarfe da raga, wane ɗan bindiga ne zai bi ta nan? Wanda ya zo da bindiga ƙofa yake ɓallewa. Tsoro gaskiya ne, amma mun bar shi ya zama uzurin rowar bulo huɗu da ragwancin tunani.

Kuma abin ya wuce gumi. Sanƙarau lokacinsa ke nan, daga hunturu zuwa bazara, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta zagayawa yana cikin abin da ke taimaka masa yaɗuwa. A 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Arewa. A 2017 ya dawo ta Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya ɗauki sama da 1,000. Rigakafi shi ne gaba da komai, a kai yara. Amma tarin fuka da ƙyanda su ma ta iska suke bi. Ga janareta da ake turawa lungu ko baranda don kar a sace, hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, ba ta da launi, a wayi gari a tarar da iyali guda ba su tashi ba. Ga kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗakin mai jego da hunturu a ja ƙofa. Ga kuma namu na nan yankin: da kaka a jibge buhunan masara a ɗakin da ke manne da na kwana, a jefa ƙwayar Phostoxin, a toshe. Iskar da ƙwayar nan ke fitarwa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro, kuma tana bi ta saman bango in silin ɗaya ya haɗa ɗakunan. Ƙanina, da bakinsa, ya nuna mini "ɗan sito" da ya manna a bayan ɗakin yaran nan.

A nan ne na ɗaga murya, har birkila ya ajiye cokalinsa yana kallonmu.

Mu ma'aikatan gwamnati ba zan wanke mu ba. Ƙasar nan tana da kundin dokar gini tun 2006, a 2017 kuma aka fito da wani na rage cin wuta a gine-gine, wanda ya yi maganar rufi da girman taga da inuwarta. Suna nan a takarda. Ajujuwa nawa muka gani an gina da kwano tsirara, yara cunkushe a ciki, ƙarfe sha biyu malami da ɗalibai duk an galabaita? A Burkina Faso, wadda ta fi mu zafi da talauci, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama ya bar tazara tsakaninsa da silin don iska ta riƙa wucewa ta kwashe zafin. Babu esi, babu injin komai. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a duniyar zanen gini. Nan kusa da mu a Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Turawa na zuwa ɗaukar hoto, mu kuma muna jin kunyar ƙasa.

In asibiti ne mai ɗakin tiyata, ko mutum yana da esi da wutar da ba ta yankewa, ya sa na'urarsa, ba ni da ta cewa. Kuɗinsa ne.

Shi dai ƙanina ga abin da na ce masa. Kafin a ɗaura silin, a fasa taga ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko, a kowane ɗakin kwana. A bar kafofi a sama, a bar wasu a cikin rufin don zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin ya sami hanyar fita. Bakin kwano ya zazzago ya yi wa bangon yamma inuwa. A dasa itace biyu. Janareta a yi masa ɗan ɗakinsa can nesa da tagogi. Sito kuma ya bar jikin ɗakin yara, ko da kuwa zai ci masa wurin ajiye mota.

Ya ce, "Yaya, fasa bango fa asara ce, an riga an yi filasta." Na ce ka lissafa, bai kai kuɗin motar da za ta ɗauko maka akwatin daga Legas ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Birkilan dai ya ce shi in an ba shi umarni aikin kwana biyu ne. Na gaya wa Hajiyarmu maganar siton, don na san ita in ta kira shi ba zai ce mata an riga an yi filasta ba. Asabar zan koma in gani.