Wa ke da ikon faɗa wa mai zane abin da zai zana?

A daidai lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitar da hoto cikin ƙiftawar ido, iyaye da dama na tambayar ko akwai sauran amfani a biya wa yaro kuɗin karatun zane. Fim ɗin ƙasar Jamus mai suna Werk ohne Autor, wanda Florian Henckel von Donnersmarck ya ba da umarni a 2018, ya taɓo wannan batu tun kafin ya yi zafi.

Labarin Kurt Barnert ne, matashin da ya ratsa tsarin mulki uku, kowanne da abin da yake so a zana masa. Yana yaro, 'yan Nazi suka ayyana zanen zamani a matsayin gurɓatacce, suka kuma hallaka ƙanwar mahaifiyarsa saboda taɓin hankali. A makarantar zane ta Dresden, ƙarƙashin mulkin gurguzu, aka hore shi kan zana ma'aikata da manoma domin tallata gwamnati. Hannunsa ya faɗa, ya samu aiki da suna, amma a 1961 ya tsere zuwa Jamus ta Yamma gab da gina katangar Berlin.

A makarantar Düsseldorf kuwa ba hukuma ce ke juya ɗalibai ba, yayi ne. Kurt ya bi sahu, har malaminsa ya duba ayyukansa ya nuna masa cewa babu shi a cikinsu. Sai da ya koma kan tsofaffin hotunan danginsa sannan ya gano muryarsa. Cikin rashin sani ya haɗa fuskar marigayiyar da ta surukinsa, likitan da ya sa hannu a takardar kashe ta.

Darasin shi ne, gwanintar hannu abar saye ce: gwamnati ta saya, kasuwa ta saya, yanzu na'ura tana kwaikwayonta a arha. Abin da ba ya kwaikwayuwa shi ne tarihin mutum da ƙarfin halinsa na fuskantar sa. Irin wannan fahimta ce ta sa ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a 1958 don ƙin kwafar salon Turawa ido rufe.

Sai dai fim ɗin ma bai kuɓuta ba. An gina shi ne kan rayuwar Gerhard Richter, wanda aka sayar da wani zanensa fam miliyan 30.4 a Landan a 2015, kuma Richter ya nesanta kansa da shi, yana zargin an murɗe tarihinsa. Ke nan ko mai kare 'yancin mai zane yana iya yi masa shisshigi.

Ga uban da ke auna kuɗin makaranta, abin dubawa shi ne ko makarantar tana koya wa ɗansa kwafa ne, ko tana koya masa gani da idonsa.