Tarihi Da Aljannu Cikin Littafi Guda

Akwai wani irin littafin hikaya wanda ya ke ɗaukar zamanin da ya shuɗe, da sarakunansa da yaƙe-yaƙensa, sa'an nan ya shigar da aljannu da mayu da fatalwa a ciki, domin mai karatu ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Waɗansu malamai suna ƙyamarsa, suna cewa garwaya gaskiya da ƙarya ne, yaro kuwa ba ya iya rarrabe aya da tsakuwa. Maganarsu abin dubawa ce, amma ba nan haɗarin ya ke ba.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafai, cikin waɗanda suka ci kuwa har da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wan Abubakar Imam. Farkon littafin yana tsaye bisa tarihi sosai, watau zuwan Nasara da faɗuwar Bida da Kwantagora, wadda aka ci a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ganɗoki jarumi ne, amma jaruntaka ba ta tare harsashi. Da ƙasa ta kuɓuce, sai ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, har suka faɗa ƙasar aljannu, inda takobi ya sāke yin rana, ya yi ta cin nasara.

To, a lura da wannan. Aljannun Ganɗoki ba su ne abin tsoro ba cikin littafin. Mafaka ce aka gina wa mutumin da aka ci da yaƙi. Abin firgita na haƙiƙa yana can baya, wurin bindiga mai ruwa, wadda ta ke zubar da dawaki da mahayansu tun ba su kai ga jefa mashi ba. Wanda ya san abin da ya auku a Burmi cikin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama tare da jama'a mai yawa, ya san ba a bukatar dodo kafin zuciya ta tsinke. Babu kuma yaron da ya karanta Ganɗoki ya tashi yana zaton aljannu ne suka ci Kwantagora. Mawallafin ya bar sarakunan gaske a matsayinsu na mutane, ya ɗora al'ajabi bisa kan jarumin da ya ƙaga.

Ba haka wani mutumin Ailan ya yi ba, Bram Stoker, wanda ya fitar da littafinsa Dracula a 1897. Ya tattara camfin ƙauyawan gabashin Turai game da gawar da ke tashi daga kabari da dare tana shan jinin masu rai, ya laƙaba wa dodonsa sunan wani sarkin gaske, Vlad, wanda ya mulki Walakiya cikin ƙarni na 15 ya kuma yi yaƙi da Turkawa. Lalle Vlad ba salihi ba ne, ya shahara da tsire mutane bisa itace. Amma dubi sakamako: ko'ina a duniya in an ambaci sunan nan, haƙora da jini a ke tunawa, ba sarki ba, ba ƙasarsa ba, ba ma mutanen da ya kashe ba. Hikaya ta haɗiye tarihi ɗungum, har zaluncin gaske ya koma abin wasan yara.

A ƙasar Hausa al'amarin ya fi haka nauyi, domin maita ba ta zama tatsuniya ba tukuna a zukatan mutane da yawa. Har yanzu a kan nuna tsohuwa da yatsa a ce ta kama kurwar yaro, a tilasta mata ta tsallake majinyaci, wani lokaci a yi mata dukan da ba ta tashi. A kan ƙi auren 'yar gida kaza don an ce ƙanƙara tana cikin zuriyarsu. Saboda haka marubucin da ya ɗauki sunan wani sarki sananne, ko wata unguwa, ko wani gida mai jikoki a raye, ya ce mayu ne don littafinsa ya yi armashi, ya sani ba da matattu kaɗai ya ke wasa ba. Tambarin da ya buga zai bi mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba, har kasuwa da wurin neman aure. Wannan ita ce iyakar da ta wajaba a tsare, ba hana aljani shiga littafi ba.

In an tsare ta, fili yana da faɗi ƙwarai. Ga macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Ga Jangare, birnin iskoki a bakin 'yan bori. Ga tsamiya da kuka waɗanda ba a zama ƙarƙashinsu da tsakar rana, ga 'yan ruwa, ga kufan garuruwan da hari ya watse. Abin takaici ne a ga mai alƙalami ya tsallake duk wannan dukiya ya je ya aro dodon Turawa mai baƙar alkyabba, ya ajiye shi a Kano, alhali kuwa ko kare ba zai yi masa haushi ba. Tsoro yana kama mutum ne ta wurin abin da kakarsa ta gargaɗe shi da shi tun yana ƙarami.

Sai dai wanda zai shiga wannan fage ya fara da karatu. Ya san shekarar da aka ci gari, da irin sirdin da a ke ɗaurawa, da yadda fatake ke yada zango tsakanin Kano da Gwanja, da kuɗin wuri nawa a ke sayen goro. Idan ayarin ya tabbata a idon mai karatu, da jakunansa da madugunsa, to, ran da aka ƙirga mutane a zango aka tarar sun ƙaru da ɗaya wanda ba shi da inuwa, mai karatu da kansa zai tashi ya duba ko an sa sakata.