Kafin a Sauke Tanki, a Fara Tambayar Motar Abin da ke Damunta

Duk mai zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Gari ya saba ganin irin wannan. Mota ta taso lafiya daga ƙofar ABU, ta fara shaƙewa wajen Kwangila, kafin a kai PZ ta mutu murus. A murɗa makulli, inji ya yi ta juyi amma ya ƙi tashi. Bayan rabin sa'a ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. A gareji kuwa hukuncin farko kusan ɗaya ne: famfon mai ne. A ɗaga kujerar baya ko a sauke tanki, a aiki yaro kasuwa ya sayo wani, a ɗaura. Bayan kwana uku motar ta sake mutuwa, sai a ce ai jabu aka samu.

Wani lokacin jabun ne. Amma a motocin zamani sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Mai laifin wani ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, wato modul ɗin da ke sarrafa famfon. Kuma wayar da ke aljihun mai motar za ta iya nuna hanyarsa tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.

A tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Corolla ta 2003, lissafin mai sauƙi ne: akwai fiyus, akwai rile, akwai famfo. Rile ya ba da wuta, famfo ya yi gudu ɗaya har a kashe mota. A motoci da dama na baya-bayan nan, irin su Passat B6, da Mercedes C300, da manyan Ford, an saka modul a tsakani. Kwamfutar inji tana faɗa masa ƙarfin man da take buƙata, shi kuma yana kunna wuta yana kashewa da sauri ƙwarai, ta haka yake rage wa famfo gudu ko ya ƙara masa. Kusan irin dabarar da wasu wayoyi ke rage hasken fuskarsu da ita ke nan. Idan modul ya fara lalacewa, alamunsa iri ɗaya ne da na famfo: mota ta ƙi ja, ta mutu idan ta yi zafi, ta ƙi tashi. Wanda ya dogara da alama kaɗai zai zama kamar mai kemis ɗin da kowane zazzaɓi a wurinsa maleriya da taifot ne.

Motar kuma ba bebiya ba ce. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, Turai ta biyo baya a motocin fetur daga 2001. Ke nan yawancin tokumbon da ke yawo a Zariya suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A soka mata ƙaramar na'ura irin ta ELM327, a haɗa da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner, sai lambobin matsala su fito. P0087 na nufin ƙarfin mai ya yi ƙasa. P0230 na nuna matsala a layin wutar famfo. U0109 na nufin kwamfuta ta daina jin muryar modul ɗin. A motocin Ford, P1233 na cewa modul ɗin baya kan aiki.

A nan ne kuma matashi mai waya ke iya yin nasa kuskuren. Ya ga U0109, ya kwafa zuwa Google, ya ce modul ya ƙone, a sayo sabo. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san saƙon kuskure yana nuna inda abu ya tsaya ne, ba lallai ya nuna abin da ya tsayar da shi ba. Idan waya ta ce babu intanet, ba a jefar da ita, ana fara duba data. Modul na iya yin shiru don fiyus ya tsinke, ko ɓera ya ci waya, ko ruwan damina ya sa soket tsatsa.

Saboda haka bayan lamba sai awo. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a saurari gurnanin famfo na daƙiƙa biyu zuwa uku. A duba fiyus da rile. A sa mita a bakin modul: shin wutar batir, kusan bolt 12, tana isa? Shin wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin mota tana da kyau? Shin umarni yana zuwa daga kwamfuta? Idan duk ukun suna nan amma babu abin da ke fita zuwa famfo, sai mai riwaya ya ba famfon wuta kai tsaye na ɗan lokaci. Idan ya yi gudu ya kawo mai da ƙarfi, modul ne. A lura, wutar da ke fita daga lafiyayyen modul kan nuna ƙasa da bolt 12 a mita, domin kunna ta ake yi ana kashewa, wannan ba lalacewa ba ce. Sannan a auna yawan wutar da famfon ke ja, domin gajiyayyen famfo kan ƙone modul, kuma zai ƙone sabon ma.

Canjin kansa ba wuya. A cire kan batir, a nisanta taba da tartsatsi, a cire soket, a kwance notuna. Lambar jikin tsohon ita za a kai kasuwa, ba sunan mota kaɗai ba, ko a Sabon Gari ne ko Panteka ko Ladipo. Wasu motocin, musamman na kamfanin GM, sai an loda wa sabon modul manhaja kafin ya yi aiki, don haka a tambaya kafin a biya. A Ford F-150 na 2004 zuwa 2008 modul ɗin yana manne da ƙarfen ƙasan mota, jikinsa na alminiyam yana ruɓewa har ya tsage, shi ya sa sababbin ke zuwa da 'yan robobin da ke ɗaga shi daga ƙarfen. Motar da ta sha gishirin titunan Amurka kafin ta iso Legas tana iya zuwa da cutarta.

Abin da ya fi haɗari shi ne maganin da ake yi wa kirari da dabara: a tsallake modul, a ja wa famfo waya kai tsaye. Motar za ta tashi, mai ita ya yi murna. Amma a tsarin da modul ne ke daidaita ƙarfin mai, famfo zai yi ta gudu iya ƙarfinsa, ƙarfin mai ya wuce kima, famfon ya mutu da wuri. Mafi muni, an ƙera tsarin ne yadda idan inji ya tsaya, kamar a haɗari, wutar famfo za ta yanke. Wayar da aka ja ba ta san haɗari ba, za ta ci gaba da tura fetur. Araha ba ta ado.

Bakanike ma yana da hujjarsa, kuma ya kamata a ji ta. Famfo yana mutuwa da yawa a ƙasar nan. Fetur ne ke sanyaya shi, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane da yawa da ɗan abin da ke gindin tanki suke yawo. A Fabrairun 2022 hukumomi da kansu sun tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol. A 2020 Toyota ta kira miliyoyin motoci gyara saboda famfon Denso. Wanda ya shekara ashirin yana ganin haka, ba laifinsa ba ne idan ya fara zargin famfo. Ƙaramar na'urar waya ita ma tana da iyaka: masu arahar yawanci kwaikwayo ne, kuma sau da yawa kwamfutar inji kaɗai suke karantawa.

To amma hasashen da ke cin daidai sau da yawa har yanzu hasashe ne, kuma ranar da ya kuskure mai mota ne ke biya. Gwajin minti ashirin ya fi sauke tanki sau biyu sauƙi. Oga yana da kunne da hannu, yaron da ke riƙe masa sifana yana da waya da Turancin karanta lamba. Garejin da ya haɗa su biyun shi zai riƙe kwastoma, tunda motocin da ke shigowa kullum ƙara cika suke da kwamfuta. A garin da ke da ABU da cibiyar NITT ta Basawa, bai dace a ce ana gyaran irin waɗannan motoci da canki-canka ba.

Mai mota kuma yana da tambaya ɗaya da zai yi cikin ladabi kafin ya miƙa kuɗi: “Oga, me aka auna?” Idan amsar lamba ce da awon mita, a sayo. Idan amsar ita ce “haka suke yi”, to a dakata da sauke tankin.